Cutar da ke Ɓuya Cikin Irin Wake: Jawabi ga Manoman Potiskum



Manomi yakan auni wake a kasuwar Potiskum, fari tas, ba huda ɗaya, ya shuka, bayan 'yan makonni ya tarar ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya tattakure. Abin da ke kawo wannan wata ƙwayar cuta ce mai suna bairas, wadda ke kwance a cikin irin, ido ba ya ganinta.

Irin da ke ɗauke da ita yakan tsiro da cutar. Daga nan darɓa, ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye, su kwashe ta su kai wa lafiyayyu. Darɓa ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa wadda ta halaka gonakin Arewa a 1975, amma ita kuturta ba ta bin iri. Ta wake kuwa tana bi, don haka takan kwana a rumbu har damina ta zagayo.

Maganin da ake cuɗa iri da shi ba ya kashe bairas, feshi ma ba ya warkar da tsiron da ya kamu. Saboda haka a nemi iri mai takardar shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, kamar ire-iren SAMPEA na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Tsiron da ya nuna alama a tuge shi nan da nan, a binne. Mai ajiye irin kansa ya zaɓa tun a gona, daga lafiyayyen wake kaɗai. Wanda ya yi shakka ya tuntuɓi malamin gona.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.