Kafin a Jingine Tsohuwar Kwamfuta: Zaɓen Linux da Ɗora Ta a Gida



Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Wadda ta gaje ta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai injin ƙarni na takwas zuwa sama. Ku dubi kwamfutocin da ke gidajenmu. Yawancinsu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana. Da yawa ba su cika sharuɗɗan nan ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Abin da muka saba shi ne a kai wa mai gyara, ya yi fomatin, ya ɗora kwafin Windows da ba wanda ya san asalinsa, bayan 'yan watanni bairos ya sake kamawa a koma. Akwai wata hanyar, kuma halal ce.

A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin samar da babbar manhaja wadda kowa zai iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta rage. Haɗuwar ayyukan biyu ce muke kira Linux. Ba baƙuwarku ba ce: duk mai wayar Android a cikinku yana ɗauke da zuciyar Linux a aljihunsa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wurin zaɓe, don Linux iri-iri ce, sun kai ɗaruruwa. Debian tana nan tun 1993. Daga jikinta aka fitar da Ubuntu a 2004, da kuɗin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Daga Ubuntu kuma aka fitar da Linux Mint a 2006. Masana suna ta jayayya kan wadda ta fi, kuma ina ba ku shawara ku bar musu jayayyarsu. Tambayoyin da suka shafe ku na gida ne. Nawa ne RAM ɗin kwamfutarka? In giga 8 ne, Ubuntu ko Mint mai fuskar Cinnamon za su yi maka. In giga 4 ne ko ƙasa, ɗauki Mint mai fuskar Xfce, ba ta da nauyi. Sannan nawa za ka iya kashewa a data? Fayil ɗin Ubuntu wajen giga 6 ne, na Mint wajen rabin haka. Tambayar da ta fi duka kuwa: in ka maƙale, wa za ka kira? In abokin aikinka Ubuntu ya iya, to ɗauki Ubuntu, ko da wani a intanet ya rantse maka cewa wata ta fi ta. In Ubuntu ɗin ce, nemi mai alamar LTS, wadda ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, irin su 24.04, ana kula da ita shekara biyar. Ni dai ga wanda ya saba da Windows, Mint nake miƙa masa, domin maɓallin farawa yana nan a kusurwar da hannunsa ya sani.

Sai dai kar a yaudari kowa. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. Mai shagon buga kati da kalanda, wanda abincinsa ke cikin CorelDRAW, kada ya goge Windows don ya ji lacca. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma koyonsu aiki ne. LibreOffice kuwa tana buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake takarda mai jadawali da yawa takan ɗan karkace, don haka mai rubuta kundin digiri ya riƙa mayar da shi PDF kafin ya kai bugu.

Ɗorawar kanta ba wuya. Ka sauke fayil ɗin daga shafin masu manhajar, ba daga wani wuri ba. Ka sami filas mai giga 8, ka zuba fayil ɗin da Rufus ko balenaEtcher. Ka sani duk abin da ke filas ɗin zai goge. Ka kashe kwamfuta, ka soka filas, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko yawancin Lenovo, sai ka zaɓi filas ɗin.

A nan nake so ku tsaya. Linux za ta tashi daga filas ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutarka ba, kuma da yawa sukan yi gaggawar danna maɓallin ɗorawa. Ba a sayen doki a ɗaure, sai an hau an zagaya. Haɗa Wi-Fi ka gani, don tsofaffin kwamfutoci masu katin Broadcom sukan ƙi sai an ƙara musu direba, ka ga sai ka jona waya da kebul ka ba su intanet tukuna. Kunna sauti. Gwada kyamara da firinta. Rufe murfin ka buɗe, ka ga ko za ta farka. Shiga saitin kibod, za ka tarar da tsarin Hausa na Nijeriya da na Gana a ciki, ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba tare da sauke komai ba.

In duk sun yi, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri dabam, ko da kana da tabbacin ba abin da zai faru. Batir ya cika, domin ɗaukewar wuta ana tsakar raba faifai na iya tafiya da komai. Za a tambaye ka: a goge faifan duka, ko a zaunar da Linux kusa da Windows? Mai shakka ya zaɓi na biyu, amma ya fara kashe makullin faifai na BitLocker da saurin tashi na Windows. Sauran suna ne, da kalmar sirri, da yankin agogo, wanda a Nijeriya sai ka zaɓi Legas, a Nijar kuma Yamai. Cikin rabin awa galibi an gama.

Sabuntawar farko tana cin data, don haka a yi ta inda akwai intanet na makaranta ko ofis. Filas ɗin kuma kada a goge shi. Lasisin manhajar ya halatta a ɗora wa kwamfuta goma ko ɗari da shi, don haka mutum ɗaya ya sauke, sashe guda ya amfana.