Ishaya Audu, Likitan Yara kuma Uban Gida

 Ba zan cinye muku dare ba, tunda gobe Juma'a ce, na san wasunku tun da asuba suna kara a nan Wudil wajen cinikin shanu.

Da suna zan fara: Ishaya Sha'aibu Audu. Na taɓa rubuta shi a allo, na tambayi 'yan ajina daga ina mai sunan ya fito. Wani ya ce Filato, wata ta ce kudancin Kaduna. Har aka buga ƙararrawa babu wanda ya ce Bahaushe ne. Alhali a Anchau ta ƙasar Zazzau aka yanke masa cibiya, ranar 1 ga Maris, 1927. Wannan kuskure na ɗalibaina ya yi kama da wanda muke yi a nan Sabon Gari, inda kunne ya saba haɗa "Kirista" da "baƙo", kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Asalin gidansu yana da alaƙa da wannan hanya da ta ratsa garinku. Wanda ya haye gadar Wudil ya miƙe ta Birnin Kudu, Ningi zai faɗa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda. Aka kashe shi a kasuwar birni. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse, wasu suka fake a duwatsun Ningi, wasu suka gangara ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira daga baya suka tattara a Wusasa. Cikin wannan jama'a mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito.

Duk wanda bai taɓa shiga majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa ba, ina roƙonsa ya je. Ginin ƙasa ne irin na maginan Zazzau. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya riƙe rufi, sak soron wani hakimi, ga sanyin nan na ɗakin ƙasa ko da rana ta take. A makarantar wannan majami'a Ishaya ya yi karatun farko. Yana ɗan shekara 5 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1932, don haka da harshen da uwarsa ta yi masa tatsuniya ya koyi addu'a. Ƙaramin ƙauyen nan ne ya ba Arewa likitanta na farko, Dokta R.A.B. Dikko, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, a nan kuma Yakubu Gowon ya tashi.

Muƙamai ba za su tsayar da ni ba, suna cikin littattafai. Ya yi karatu a Yaba da Ibadan da Ingila, ya ƙware a kan cututtukan yara. Ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello. Ku ɗan tsaya a nan: jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mutumin da ya zaga Arewa yana musuluntar da jama'a, ɗan Isawa ya miƙa wa hannu ya auna masa jini. A 1966, yana da shekara 39, ya gaji Norman Alexander a shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a kujerar. Shekarar juyin mulki biyu ce da zubar da jini a garuruwanmu, ga yaƙin basasa a bakin ƙofa. Ya riƙe jami'ar har 1975, a zamaninsa kuma aka buɗe tsangayar koyon likitanci.

Abin da ya kawo ni shi ne gida. A 1958 ya auri 'yar Kudu, Allah ya ba su 'ya'ya shida. Ku auna da kanku yadda irin wannan gida zai kwana a 1966, lokacin da ake tambayar mutum garinsu kafin a amsa gaisuwarsa. Maigida ɗan Arewa, uwargida daga ƙetaren Kwara, yara kuwa jininsu ya haɗa ɓangarorin da ke wasa wuƙa. A ganina, mutumin da ya ga ƙasa tana yagewa alhali rabinta na zaune a ɗakinsa, ba zai ɗauki zaman tare a matsayin jawabin taro ba.

Irin tarbiyyar gidajen nan na san ta da idona. Ina yaro, katanga ɗaya ta raba mu da wani tsohon mai bishara, ba zan kama suna ba don jikokinsa na raye. Da an ci tuwon dare sai ya goge gilashin fitilar ƙwai da gefen rigarsa, ya tara yara a tabarma, kowa ya karanta aya ɗaya, mai in'ina ma sai an jira shi ya kai ƙarshe. Sannan ya bi su da suna ɗaya bayan ɗaya cikin addu'a, har da ɗan da ya tafi Legas ya daina aiko wasiƙa. Idan ladan ya kira isha'i suna tsakiyar waƙa, sai ya ɗaga hannu a sassauta murya. Mahaifiyata kuma ba ta taɓa mance kwanon gidansu ranar Sallah ba. Ba a rubuta irin waɗannan mutane a jarida. Ishaya Audu na cikin 'yan kaɗan da duniya ta gani, shi ya sa nake aron sunansa don a tuna da sauran.

Ba waliyyi na zo gabatar muku ba. A 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, ƙawancenta da jam'iyyar NPN ya sa ya zama Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Shehu Shagari. Da ƙawancen ya rushe a 1981, bai bi jam'iyyarsa waje ba, ya zauna a kujerarsa. Masu cewa ya yi wa jam'iyya butulci suna da hujja, masu cewa ƙasa ya duba su ma suna da tasu. Ni dai na fi karkata ga cewa siyasa ba gonarsa ba ce. Da sojoji suka kifar da gwamnati a ƙarshen Disamba 1983, yana cikin waɗanda aka tsare. Iyaye matan da ke nan sun fi ni sanin wanda ke ɗaukar kwanon abinci zuwa bakin ƙofar kurkuku, da wanda ke amsa tambayar yara da dare.

Da ya fito daga tsare, sai ya koma Samaru ta Zariya. Mutumin da ya yi magana da yawun Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe asibitinsa, ya koma taɓa maɗigar jarirai, yana tambayar uwa kwana nawa yaro ya yi yana gudawa, ko yana kama nono. Ya kuma kafa majami'a a can Samaru, yana wa'azi ranar Lahadi. Tsofaffin ɗalibansa sun zama gwamnoni da ministoci, suna wucewa da jiniya ta hanyar Sakkwato, shi kuwa yana ciki da abin sauraren ƙirji a wuya.

Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. A makon jiya na sake rubuta sunansa a allo gaban sabon aji. Wata yarinya 'yar Gaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai Audu sunan kakana ne."