Mintuna Biyar a Gaban Likita

 

Kowa a nan Musawa ya san irin wannan mutumin. Ya yi sallar asuba, ya sayar da tiya uku ta masara, ya hau acaɓa daga ƙauyensu, ya yanki kati, ya zauna a benci har rana ta take. Da aka kira sunansa ya shiga, likita ya ce, "Baba, me ke damunka?" Sai ya ce, "Wallahi likita, jikin ne dai ba daɗi." Kafin ya gama gyara zama an miƙo masa takardar magani. Yana kan hanyar komawa gida ya tuna bai faɗi fitsarin da ke tashinsa sau biyar a dare ba, alhali shi ne ya fito da shi. Waɗannan 'yan mintunan da ya saya da guminsa su ne abin da nake so mu tattauna yau.

A Ingila, inda aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, mutum yakan yi rajista da likitan unguwarsu, ya nemi a sa masa rana da lokaci, a ba shi kamar minti 10. Mu ma muna da likitocin iyali, akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika. Amma a ƙauyukanmu, wanda ya san gidanka da ciwon gidanku shi ne malamin asibitin mazaɓa da ungozoma. Ƙarancin lokaci kuwa ba mu kaɗai ya dama ba. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan ƙasashe 67 ya gano cewa a Bangaladash ganin likita bai kai minti ɗaya ba, a Suwidin kuma ya wuce minti 20. Tsawon layi ba a hannunmu yake ba. Abin da za mu shiga da shi ɗakin likita, wannan a hannunmu yake.

Likita ba boka ba ne, da abin da ka faɗa masa yake aiki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun a gida ka tambayi kanka yaushe abin ya fara. Kada ka ce "ya daɗe". Ka ce tun kafin shuka, ko tun bayan ƙaramar Sallah, ko kwana huɗu ke nan. Ka san inda yake maka ciwo, da abin da ke tayar da shi. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami, wanda bai iya ba ya sa ɗansa. In ka shiga, ka fara da abin da ya fi tsorata ka. Da yawanmu mukan fara da ciwon kai, sai mun kama ƙofa za mu fita mu juyo mu ce, "Af, likita, ina kuma tari da jini."

Sannan ka zo da duk abin da ka sha. Kwalayen maganin kemis, ko da sun ƙare, ka zuba su a leda. Jiƙo, sassaƙe, tsimi, ka faɗe su. Na san abin da ke hana mu: tsoron faɗa. Amma wanda ya sha ƙwayoyi kwana uku kafin a ɗebi jininsa, gwajin na iya fita ba daidai ba. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda da ke shan maganin ciwon jiki kullum bayan ya dawo gona, in ya ɓoye, kansa ya cuta.

Ga kuma kunya. Kunya ado ce, ni ma da ita aka raine ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace ta zo da ciwon mara ko zubar jini, mijinta ko surukarta na tsaye a kanta, sai ta ce zazzaɓi ne. Maigida, ka kyauta da ka kawo ta, ka kyauta da ka biya. Ka ƙara kyautawa ka fita waje ka bar ta ta yi magana da bakinta, kuma tana da damar ta nemi ma'aikaciya mace in akwai. Haka yaro: wadda ta kwana da shi, ta san sau nawa ya yi amai, ita ya kamata ta kawo shi, ba ƙanin babansa da aka aika ba.

Kafin ka tashi, ka tambayi sunan ciwon, da yadda za ka sha maganin, da ranar dawowa. Ka maimaita wa likitan abin da ka ji, in ka ji ba daidai ba ya gyara maka.

Wannan ranar dawowa ita ce ta fi ci mini rai. Akwai wani kawuna, manomin auduga, da aka gano yana da hawan jini. Aka ba shi magani, aka rubuta masa ya dawo bayan wata ɗaya. Kansa ya daina ciwo, kaka ta kama, ga cirar auduga, ga sussukar dawa, ya ce sai an kintsa amfani. Watanni uku bayan nan aka ɗauko shi daga gona ɓarin jikinsa ya shanye. Katinsa na cikin aljihun rigarsa, da ranar a rubuce. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya haura 140 bisa 90 yana jin kansa garau, sai awo ne kawai ke nunawa. Ciwon suga ma haka yake. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, kyauta ne, kuma wanda ya yanke a tsakiya don tari ya lafa, ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani. Mai ciki, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta je awo aƙalla sau 8. Jariri na da rigakafinsa ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9. Duk waɗannan alƙawura ne da aka ɗaukar mana, kuma damina da kaka ba sa soke su. In ranar ta ci karo da aiki, ka faɗa tun a gaban likita a sauya maka.

Sai dai akwai abin da ba ya jiran rana: mai ciki da ke zubar jini ko jijjiga, yaron da ya kasa kama nono ko yake suma, mutumin da bakinsa ya karkace. Waɗannan a ɗauke su nan take.

Ku riƙe kati kamar yadda kuke riƙe takardar gona, kuma ku lizimci asibiti ɗaya gwargwadon hali, domin can tarihinku yake. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, jiharmu kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya. Ku je asibitin mazaɓarku ku tambayi yadda ake rajista. In an tura ku Malumfashi, ko Funtua, ko Katsina, ko Shika, kada ku tafi ba takardar turawa, kuma ku tambayi ranar da likitan wannan ciwon yake zama. Da halin da hanyoyinmu ke ciki, da tsadar mota, bai kamata mutum ya isa Zariya a ce masa sai mako mai zuwa ba.

Ku kuma ma'aikatan lafiyarmu, mun ga yawan jama'ar da kuke fama da ita, Allah Ya saka muku. Roƙona kaɗan ne. Ku bar mara lafiya ya kai ƙarshen maganarsa ta farko kafin ku ɗauki biro. In kun rubuta ranar dawowa da boko, ku faɗe ta da baki yadda tsohuwa za ta riƙe: Talata ta biyu bayan tsayuwar wata. Kwamitin lafiya na kowace mazaɓa kuma ya sa a liƙa ranakun awo, da na rigakafi, da na masu hawan jini a ƙofar asibiti, da lambar wayar da za a kira, limamai su sanar da su bayan sallar Juma'a.