Baƙo a Cikin Labarin Soyayya: Daga Takarda Zuwa Majigi



A ƙasar Japan, wata mai zane, Saori Oguri, ta fitar da littafin zane a 2002 kan zamanta da mijinta Ba'amurke. Gajerun labarai ne na ban dariya game da saɓanin harshe da al'adar gida. Da aka mai da shi fim a 2010, sai aka ɗinke su suka zama doguwar soyayya guda, masu sharhi kuwa suka ce gishirin littafin ya ragu. A can, baƙon mutum ne da ake gani da ido.

A Kano lamarin ya sha bamban. Masu shirya fim, waɗanda da yawansu suka kafa ofisoshi a Titin Gidan Zoo daura da Gyaɗi-Gyaɗi, ba daga littattafan zane suka ɗebo labaransu ba, daga littattafan soyayya ne. Sa'an nan saurayi da budurwa duka Hausawa ne. Baƙon yana cikin yadda suke son junansu, watau salon finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna kallo a gidajen sinima.

A dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, aka yi fim ɗinsa a 1994. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad talaka; da aka matsa mata ta auri wani, ta faɗa rijiya. Masu suka suka ce wannan ɗabi'ar Indiya ce, ba ta 'yar Bahaushe ba. Alhali kuwa auren dole ba daga Bombay aka kawo shi ba. Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafai adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu a shafukan jaridu.

Amma abin da takarda ta rufe, majigi ya buɗe shi. Mai karatu shi kaɗai yake da littafinsa. Fim kuwa a tsakar gida ake kallonsa, uwa da 'ya'ya zaune. Da Sangaya ya fito a 1999 da waƙa da rawa tsakanin namiji da mace, kasuwa ta karɓa hannu biyu, malamai suka ɗaure fuska. A 2001 gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai.