Yis na Teku da Garkuwar 'Ya'yan Itace: Bahasi a kan Matakan Hujja

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya ɓuya gare shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. 

Bahasin da aka ɗora mini ya ƙunshi mas'aloli biyu waɗanda mai sauraro zai zaci babu abin da ya haɗa su: ta farko yis da ke rayuwa cikin ruwan teku, ta biyu kuwa sinadaran da 'ya'yan itace ke tarawa don kare kansu daga lalacewa. Nufina in nuna muku inda suka haɗu, in kuma rarrabe muku abin da ya tabbata a cikinsu da abin da har yanzu bai wuce matsayin zato ba.

Yis ɗin da masu burodi da masu fanke ke zubawa a ƙullu halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, dangin naman kaza da funfuna. Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Delft ta ƙasar Holan, ya gan ta a madubinsa na ƙara girma a shekarar 1680, amma sai bayan 1857, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya duƙufa kan al'amarin, aka samu yaƙini cewa ita ce ke cin sukari ta fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. A lokacin kowa na neman ta ne a bayan inabi da fure da hatsi, har zuwa 1894 da wani Bajamushe, Bernhard Fischer, ya ba da labarin yis fari da ja da ya samu cikin ruwan Tekun Atalantika, inda babu itace, babu fure, babu zaƙi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ku dubi irin mazaunin da wannan halitta ta samu kanta a ciki. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, shi kuwa gishiri ɗabi'arsa ce ya zuƙe ruwa daga jikin ƙwayar halitta har ta yamutse, wanda shi ne dalilin da ya sa ake adana nama da kifi da shi. Duk da haka akwai wani yis mai suna Debaryomyces hansenii, wanda wasu zuriyarsa ke tsira a ruwan da gishirinsa ya kusa ninka na teku sau bakwai, domin yana tara wani sinadari mai kauri da zaƙi, gilisarin, a cikin jikinsa, ya riƙe ruwansa da shi. Akwai kuma jajayen yis na dangin Rhodotorula, waɗanda jan launinsu na karotin ne, irin na karas da manja, suna kare kansu da shi daga ɓarnar hasken rana. Wuya ce ta tilasta musu waɗannan dabaru, kuma dabarun ne suka jawo hankalin masu bincike gare su.

Hanyar kama su tana bukatar tsarki irin na ɗakin gwaji, da haƙuri mai yawa. Ana ɗebo ruwan a kwalabe waɗanda aka kashe duk wani mai rai da ke cikinsu, a tace shi ta wani matacin da ƙofofinsa ba su kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a ɗora matacin a kan faranti mai ɗauke da daskararren abinci da aka haɗa da ruwan teku, a sa masa maganin da zai danne bakteriya don kada su mamaye wurin, sa'an nan a rufe a jira. Bayan kwanaki sai ɗigo-ɗigo su bayyana, wani fari, wani ruwan madara, wani ja, a ɗauki kowanne a tsarkake shi shi kaɗai, daga bisani a karanta tsarin ƙwayoyin gadonsa a tabbatar da nasabarsa. An lura yis yana ƙaranci a tsakiyar teku, yana yawaita a gaɓa da bakin koguna, inda abinci ke gangarowa daga tudu.

To, mu juya ga mas'ala ta biyu. Iskar oksijin, wadda ba mu iya rayuwa sai da ita, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa, ta sauya wa man gyaɗa ɗanɗano idan ya daɗe, ta kuma taimaka wajen duhunta ayaba da aka yanka aka bari. A cikin jiki ma, yayin da ƙwayoyinmu ke ƙona abinci, wasu ɓarɓashin oksijin marasa natsuwa kan kuɓuce, su far wa kitse da furotin da ƙwayoyin gado. Sinadaran da muke magana a kai su ne masu tarar waɗannan ɓarɓashi su kwantar da su, kuma 'ya'yan itace na cike da su: bitamin C a lemo da gwaiba da farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka, karotin a mangwaro da gwanda, laikofin a tumatir da kankana, da jan launin nan na zoɓo da baƙin inabi. A 1956 wani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa tarin wannan ɓarna shi ne sababin tsufa, kuma daga baya kasuwar waɗannan sinadarai ta buɗe.

Auna ƙarfinsu a ɗakin gwaji abu ne mai sauƙi, kuma sauƙin nan shi ne mafarin fitina. Akwai wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DPPH, wanda Marsden Blois ya nuna amfaninsa a 1958: launinsa shunayya ne, idan aka ɗiga masa ruwan ɗan itace mai ƙarfin kariya sai ya koɗe ya koma rawaya, na'ura kuma ta auna gwargwadon koɗewar. Ɗalibi zai iya gama wannan a yini guda, ya fito da lambobi masu kyau, kuma lambobin gaskiya ne a haddinsu. Kuskuren yana faruwa ne sa'ad da aka ce, tun da ruwan wannan ɗan itace ya koɗar da launi a kwalba, to lalle zai hana ciwon daji a jikin mutum. Malaman usulu suna kiran irin wannan ƙiyasi tare da bambanci, kuma sun hukunta shi da ɓaci, domin kwalba ba ta da hanji da zai ƙi tsotse sinadarin, ba ta da hanta da za ta sauya shi, ba ta da ƙoda da za ta fitar da shi kafin ya kai inda ake so.

Tarihi ya ba mu shaidu biyu, ɗaya ta tabbatarwa ɗaya ta korewa, kuma dukansu ta hanyar gwaji a jikin mutane suka zo. A 1747 likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da ciwon nan da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora, ya raba su biyu-biyu, kowane kashi da nasa magani, sai waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Daga baya Albert Szent-Györgyi na Hangari ya ware sinadarin da ke yin aikin, wato bitamin C, aka ba shi kyautar Nobel a 1937. Shaida ta biyu ta fi ɗaci. An ga masu yawan cin kayan lambu ciwon dajin huhu ya fi ƙaranci a cikinsu, sai aka zaci karotin ne sababin, aka mai da shi ƙwayar magani. A ƙasar Finlan aka gwada a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, da sakamako ya fito a 1994 sai aka tarar ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda aka ba karotin. A Amurka kuma aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a 1996, ganin ƙarin ya kai kashi 28. Har ma'aikatar gona ta Amurka, wadda ta daɗe tana wallafa jadawalin ƙarfin kariya na abinci iri-iri, ta janye shi a 2012, saboda 'yan kasuwa sun mai da shi hujjar talla alhali ba ya nuna abin da ke faruwa a jiki. Fa'idar cin 'ya'yan itace tana nan daram. Abin da ya faɗi shi ne da'awar cewa an gano sirrinta an ɗura a kwalba.

Yanzu ga inda mas'alolin biyu suka haɗu, wato a bakin rauni. Yawancin ruɓar 'ya'yan itace bayan tsinka tana shiga ne ta inda ɓawo ya ƙuje, wajen kakkaɓa ko lodi ko jijjigar mota. Da zarar an ji masa ciwo, ɗan itacen kan zubo da waɗancan ɓarɓashin oksijin a bakin raunin da gangan, don ya ƙone duk baƙon da ya zo shiga, shi kuwa ya kare kansa da nasa sinadaran. Funfuna tana da dabarun tsallake wannan wuta. Masu bincike suka ce, ina ma a riga ta zuwa wurin da wata halitta marar cutarwa, ta cinye ɗan zaƙin da ke fitowa, ta cike gurbin, kamar mai sammakon kasuwa da ya kama rumfa kafin maƙwabcinsa ya iso. Amma ba kowane yis ke jure zafin bakin rauni ba, sai wanda ke da tasa garkuwar, kuma nan ne ake sa ran yis na teku, wanda gishiri da rana suka hora, zai yi fice.

An gwada, kuma gwajin na da tsari. Ana huda 'ya'yan itace da allura mai tsabta, a ɗiga wa kashi ɗaya yis, ɗaya kashin a ɗiga masa ruwa zalla don ya zama ma'auni, sa'an nan a sa wa duka irin funfuna, a ajiye, a riƙa ƙirga waɗanda suka ruɓe da faɗin ruɓar. A La Paz ta ƙasar Meziko an yi haka da Debaryomyces hansenii na teku a kan lemon tsami, aka ga ya rage shuɗiyar funfunar da ke cinsa. A Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin an yi da wani jan yis na teku, Rhodosporidium paludigenum, a kan ƙananan tumatir, aka ga ya rage baƙar ruɓa. An kuma lura zaman yis a bakin rauni yakan zaburar da ɗan itacen ya ƙara nasa kayan tsaro. Muhimmancin wannan yana ƙaruwa ne da yake funfunar lemo ta soma gagarar wasu magungunan feshi da aka daɗe ana dogaro da su.

Sai dai ƙa'idar da muka kafa a baya tana hawa kan wannan ma. Faranti da allura mataki ne na farko, rumbun ajiya mataki na biyu, bayan babbar mota cikin zafin bazara mataki na uku, kuma nasara a ɗaya ba ta wajabta nasara a na gaba. A Amurka an taɓa fitar da wani yis na tudu kasuwa da sunan Aspire a 1995 don tsare lemo da tuffa, daga baya aka daina sayar da shi, domin aikinsa bai daidaita ba a hannun 'yan kasuwa. Bugu da ƙari, wasu daga dangin waɗannan yis sukan cutar da majinyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, saboda haka wajibi ne a tantance kowace zuriya kafin a ɗora ta kan abin da mutane za su ci.

Rabonmu a cikin wannan ilimi a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir da tulin mangwaro suna zubewa a kasuwa lokacin kakarsu. Nijeriya na da gaɓar teku da dazuzzukan fadamar gishiri a yankin Neja Dalta, tana da cibiyar binciken teku a Legas, jami'o'inmu na Arewa kuwa suna zaune a tsakiyar manoman da asarar ke faɗa wa. Ina kira ga malamanmu masu duba ayyukan ɗalibai da kada su bar bincike ya tsaya a koɗewar launi cikin kwalba. Su tura ɗalibi ya ɗauki mataki na gaba, ya gwada a kan ɗan itacen da manominmu ke nomawa, a zafin da muke ciki, da kashin ma'auni a gefe, ya kuma rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa fatansa. Ina kira ga 'yan jarida da masu sayar da magunguna su ji tsoron Allah wajen ambaton bincike, su faɗi matakin da ya kai, kada su ɗaga zato su ba shi hukuncin yaƙini. Ga sauran jama'a kuwa, ku ci gwaiba da lemo da mangwaro da kuka gwargwadon hali, domin amfanin wannan ya tabbata, ku kuma nemi shawarar likita kafin ku sayi ƙwayar da aka ce ta maye gurbinsu.

Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfanar da mu da abin da ya sanar da mu.