Rawanin Ƙonni a hannun Faransa

Daga Malbaza har Illela akwai masu cewa Faransawa sun mutunta sarautar Ƙonni, tunda ba su kawar da rawani ba. Wannan hujja tana da rauni. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta fasa Birnin Ƙonni, ta yi kisan gilla, alhali yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta bar garin a ɓangaren Ingila. Sai a 1904 aka sallama shi ga Faransa. Gaskiya ne an bar sarki, amma wane iri? Shugaban kanto, wanda kumandan Faransawa ke iya tuɓewa, aikinsa tara haraji da kamo talakawa don aikin tilas, har aka soke aikin tilas ɗin a 1946.