Sikotland: mi ya sa wasu ke son raba gari da Landan?

Yau zan kai ku arewacin Birtaniya, ƙasar Sikotland, mai mutum wajen miliyan 5 da rabi. Tun 1707 suka haɗe da Ingila, amma ba su saki dokokinsu da cocinsu da tsarin makarantunsu ba. A 1999 sun samu majalisar kansu a Edinbara, ita ke riƙe da lafiya da ilimi, shi ya sa ɗan ƙasar ba ya biyan kuɗin jami'a alhali na Ingila na biya. To mi kuma suke nema?

Ana yawan ambaton man fetur na Tekun Arewa, amma ni a ganina hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙuri'a. Kujeru 57 gare su cikin 650 na majalisar Landan. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau rabonta da rinjaye a Sikotland tun 1955, amma ta sha mulkinsu shekara da shekaru. Jiragen ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da makaman nukiliya na Birtaniya, a Faslane suke jibge, kusa da Gilasgo, ko majalisar Edinbara ta so ko ta ƙi.

Ranar 18 ga Satumba 2014 aka yi zaɓen raba gardama, har ƴan shekara 16 suka jefa ƙuri'a. Kashi 55 cikin 100 suka ce a zauna tare, 45 suka ce a rabu. Tsoronsu ba na banza ba ne: da wane kuɗi za a yi ciniki, tunda Landan ta ce ba za ta raba fam da su ba? An kuma gaya masu zama cikin Birtaniya ne zai tsare masu gurbinsu a Tarayyar Turai. Shekara biyu kacal, a 2016, kashi 62 na ƴan Sikotland suka zaɓi zama cikin Tarayyar, amma aka fitar da su tare da kowa.

Da suka nemi a sake zaɓe, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamba 2022 cewa majalisarsu ba ta da ikon shirya shi sai Landan ta yarda. Nan masu neman ƴanci suka kafe: in haɗuwar nan da yardarmu aka yi ta, ina ƙofar fita, kuma makullin na hannun wa?